Batirin Sikelin Helge

Majken ta tura ƙofar ɗakin baya da kafaɗa, kofi a hannu ɗaya, burodi da cuku a ɗayan. Mahaifinta, Helge, bai ɗago kai ba. Yana zaune gaban teburinsa cikin rigar ulu, kwanson harsasai a jere a gabansa, yana ɗiga albarushi a ɗan farantin da ke kan sikeli.

"Baba, ga kofi. Ka sha da zafinsa."

"Ajiye can nesa. Numfashinki ma motsa shi yake."

Haka yake ce mata tun tana ƙarama. Ya sha gaya mata cewa idan albarushi ya ɗara ƙima da ɗan abin da yatsu biyu za su tsinta, bindiga fuskar mai ita take komawa. Shi ya sa bai taɓa yarda da ido ba, sai sikeli. Bukkar farautarsu ba ta da wutar lantarki, da batir sikelin yake aiki.

Tun da gwiwa ta hana shi shiga daji, haɗa harsashi ne kaɗai ya rage masa. Duk mutanen ƙungiyar farautarsu da nasa suke harbi, ba mai sayen na kanti. Ko da asubar nan, Evert, shugaban farauta, ya raba musu waɗanda tsohon ya haɗa jiya, kowa ya cusa a aljihu, suka bi kare cikin hazo. Da Sixten a cikinsu, yayan Majken.

Ta ɗora kofin a bakin taga. Da ta juyo, idonta ya faɗa kan fuskar sikelin. Baƙa ƙirin take, ko lamba ɗaya babu.

Helge ya ƙara ɗiga ƙwaya kaɗan, ya sunkuya, ya dubi baƙin gilashin, ya gyaɗa kai.

"Daidai," ya ce, ya juye albarushin cikin kwanso ta mazurari.

Majken ta matso kusa da teburin.

"Baba, nawa ya nuna?"

"Abin da yake nunawa kullum."

Ta sa hannu a aljihun rigar girkinta, ta taɓo ɗan dutsen awo na tagulla. Da shi yake gwada sikelin kafin ya fara aiki, bai taɓa tsallakewa ba. Da safen nan a gwangwanin sukari ta tsince shi, har ta yi murmushi. Makon jiya ma a gida, a cikin firji ta samu tabaransa, ba ta gaya wa kowa ba.

"Jiya da ka yi na su Yaya, yana kawo wuta?"

"Kin cika tambaya kamar uwarki. Rufe min ƙofa, iska na shigowa."

Ba ta rufe ba. Ɗakin ba murhu, kwana biyu ruwa na daskarewa a bokiti, kuma ta san sanyi ba ya barin batir. Jiya ba ta leƙa shi ba, tana can tana fere dankali.

A kan teburin kicin rediyon oba-oba na ta ƙara. Muryar Evert ce.

"Kare ya tayar da elgi, ƙaton gwankin dajin nan, namiji ne, ƙahonsa kamar reshen itace. Ya nufi fadama. Sixten, wajenka ya yo."

"To ya tsira," in ji Börje, maƙwabcinsu. "Bara ma kututture Sixten ya harbe, har yau ba mu ci naman ba."

"Kai dai riƙe tumbinka kada ya tsorata min dabba," in ji Sixten. Aka kwashe da dariya.

Majken ta ɗauki rediyon. Ba ta taɓa magana a cikinsa ba. A cikin mutane ma sai an tambaye ta sau biyu take amsawa. Duk abin da ta faɗa yanzu kowa zai ji, daga fadama har bayan tudu, kuma kafin magariba matan ƙauye sun ji. Ta danna.

"Kawu Evert, Majken ce."

"A'a, yau wace rana? Ko miyar ce ta ƙone?"

"Kada kowa ya yi harbi. Batirin sikeli ya mutu. Ban san tun yaushe ba."

"Ai da Helge ya gani, 'yata."

Ta waiwaya. Tsohon na tsaye a bakin ƙofa, mazurari a hannunsa, yana kallonta.

"Bai gani ba," ta ce. "Yanzu na same shi yana awo a kai."

Da Evert ya sake magana, wasan ya fita daga muryarsa.

"Kowa ya cire harsashi daga bindiga. Duk wanda na kira ya amsa."

Börje ya amsa. Sauran ma suka amsa ɗaya bayan ɗaya. Evert ya kira Sixten, ya sake kira. Majken ta san dalili. Idan dabba ta kusa, yayanta kashe rediyo yake don kada ƙara ta kore ta. A wurin Helge ya koya.

"Börje, kai ne kusa. Ruga," in ji Evert.

"Da wannan ƙafar tawa? To, ga ni nan."

Helge ya matso a hankali. "Me kika gaya musu a kaina?"

Kafin ta buɗe baki, ƙarar bindiga ta zo daga wajen fadama. Guda ɗaya, mai nauyi, da wani tsagewa a ƙarshenta. Tsuntsaye suka tashi daga kan itatuwa.

Tsohon ya karkata kai. Kunnensa bai tsufa ba.

"Wannan ta yi yawa," ya ce a hankali.

Ya koma ɗakin, ta bi shi. Ya dubi sikelin kamar yanzu aka kawo shi. Ya danna maɓalli, ya sake dannawa, ya hura wa farantin iska. Babu abin da ya motsa. Ya dubi kwanson da ya cika a jere.

"Tun yaushe, Majken?"

"Ban sani ba, Baba."

Suka zauna a kicin, rediyo a tsakaninsu. Wutar murhu ta ci ta cinye, ba wanda ya ƙara itace. Can sai ga muryar Börje a rediyon, yana haki.

"Na same shi. Da ransa, yana magana. Bindigar ce ta tsage ta baya. Evert, kira jirgi. Idon dama ne, da yatsu. Majken, kina ji? Ya ce kada ki tayar wa tsoho hankali."

Helge ya tashi ya shige ɗakinsa.

Rana ta yi sama lokacin da jirgi mai saukar ungulu ya wuce ta kan bukkar, gilashin taga na kakkarwa. Majken ta tsaya a waje har ya ɓace bayan tudu. Da ta dawo, ta ji yana kiranta da muryarsa ta kullum.

Yana zaune a wurinsa, fuskarsa a sake, ya jera sababbin kwanso.

"Kin ga sikelin nan ya mutu. Sanyi ne. Duba durowar kicin ki miƙo min sabon batir. Sixten zai nemi ƙari gobe, kin san yadda yake ɓarna."

Ta je ta jawo durowar. Ga baturan nan a cikin takardarsu, ko buɗewa ba a yi ba, kusa da ashana. Ta ɗauka ta zura a aljihu, suka haɗu da ɗan dutsen tagullar.

"Sun ƙare, Baba."

"To," ya ce. "Sai an shiga gari."

Ya miƙa hannu bakin taga, ya ɗauki kofin da ya daɗe da hucewa, ya fara sha.