Jan Zare a Kejin Baronka

Duk mai kiwon hawainiya a birnin Olomouc ya san jan zaren Vlastimil. In ka ga shuka da jan zaren ulu ɗaure a gindinta, to an wanke ganyenta, an zubar da ƙasar kanti an zuba sabuwa, kuma ta yi mako shida cur a ɗakin gilashinsa na rainon shuka ba ta ga maganin ƙwari ba. Sai ka sa ta a keji hankalinka kwance. Zaren kuwa na suwaitar mahaifiyarsu ne, wadda aka warware bayan rasuwarta. Shi ya sa ƙanwarsa Draha ba ta taɓa yi masa tambaya a kan shuka ba. Me za ta tambaya? Yayanta ne, shi ne shugaban ƙungiyar masu kiwon, shi ne mai tsayawa a taro yana kaɗa yatsa yana cewa shukar kanti guba ce mai ganye.

Draha ta yi shekara talatin da ɗaya tana tuƙa taram, jirgin ƙasan cikin gari, kafin ta yi ritaya. Ba miji, ba ɗa, sai Baronka, wata hawainiya 'yar ƙasar Yaman mai girman kan tsiya, wadda ke kallon mutum da ido ɗaya kamar ya zo roƙo. Da ita Draha ke hira in tana shan kofin safe, ita take kai wa ƙarar maƙwabta. Baronka ba ta shan ruwa a kwano, sai an fesa a ganye ta lashe, kuma in ta ga ganye mai taushi ba ta ƙyale shi. Abin da ke kan ganye, shi ke cikinta.

A watan Maris Draha ta haɗa mata sabon keji na raga, tsayinsa ya kai kafaɗarta. Fitila uku ta jera a sama: ta ɗumi a kusurwa, fara mai haske don shuke-shuke, sai doguwar nan mai ƙarfafa ƙashi, wadda ake canzawa ko tana ci, domin ƙarfinta yakan ƙare ido bai gani ba. Shuke-shuke masu yaɗo ta sa su ƙasa, inda inuwa take. Saura sama, kusa da haske, wurin da Vlastimil ya yi mata alkawarin ibishek, wata shuka mai jan fure dangin yakuwa, tun kafin Kirsimeti.

Ya kawo shi ranar Asabar, rungume a ƙirji yana haki a matakala. Ganye kore shar, fure ja har biyar, ga jan zare a gindi.

"Kai, Yaya! Wannan ai ya fi ƙarfin talaka. Me kake ba su ne?"

"Hannu ne, Auta. Ke da ko albasa kika dasa sai ta yi fushi ta mutu."

Ta zuba masa kofi, ya ce sauri yake yi, ko kujera bai taɓa ba. Ba ta kawo komai a ranta ba.

Kwana biyar Baronka tana ɗare a kan ibishek, tana lasa tana gutsura. Rana ta shida ta harba harshe kan gyare ta kuskure, abin da ba ta taɓa yi ba. Kashegari ƙafarta ta gaba ta soma rawa, jikinta ya yi duhu. Draha ta ɗauki waya.

"Yaya, Baronka ba lafiya. Ba ta iya riƙe reshe."

Har ta zaci layin ya yanke. Can ya ce, "Yaushe rabon ki canza doguwar fitilar?"

"Nuwamba. Na rubuta a jikinta."

"Wace iri? Irin mai arhar nan ko? Sau nawa zan faɗa miki? Kin ga fitila tana ci kin ce lafiya lau. Ƙashinta ne ya yi laushi, ke kika jawo mata da maƙonki."

Maganar ta shige ta har ƙashi. Ta kai Baronka wurin likitar dabbobi, wata mata mai suna Ondrushkova, ta zayyana mata abin da yayanta ya ce. Likita ta tambaya ko akwai sabuwar shuka a kejin.

"Akwai, amma mai jan zare ce. Daga hannun yayana."

Likitar ma ta san zaren, domin ita kanta a wurinsa take karɓar shuka. Sai ta bar zancen, ta ba da maganin ƙashi. Draha ta sayi sabuwar fitila, ta mai da Baronka kan ibishek ɗin nan, daidai ƙarƙashin haske, ta ƙara yawan feshin ruwa don ta sha da kyau. Kwana tara tana haka. Kwana tara tana zagin kanta, tana ce wa hawainiya, "Yafe mini, uwar ɗakina, ni ce jaka." Ko abincin kirki ba ta iya ci, daga miyar dankali sai busasshen burodi. Vlastimil kuwa kullum sai ya buga waya ya tambayi jiki, kullum kuma sai ya ƙara da, "Ai na gaya miki."

Rana ta goma da hantsi Baronka ta faɗo daga sama, tim. Draha ta ce to, a sauke komai ƙasa kada ta karye. Ta jawo tukunyar ibishek, ta suɓuce mata, ta kife a kan tayil.

Baƙar ƙasar Vlastimil ta watse, ashe kaurinta bai wuce yatsa biyu ba. A tsakiya ga wata ƙasa daban, mai sauƙi, ruwan toka-toka, dunƙule da siffar ƙaramar tukunyar kanti. Cikin saiwoyin ga wasu 'yan sanduna uku kamar guntayen alli, sun narke rabi. Draha ta san su, sandunan maganin ƙwari ne. Su ne Vlastimil ke ɗagawa a taro yana cewa, "Wannan saiwa ke sha, ya hau har cikin ganye. Ko da sabulu ka wanke, yana nan."

Ta zauna daɓas a ƙasa. Ashe da hannunta take mai da Baronka kan guba safe da yamma!

Ba ta tsaya kuka ba. Ta naɗe sandunan a takarda, ta sa Baronka a kwali, sai asibiti. Likita ta duba, ta yi tsaki, ta ce da tun ranar farko aka faɗa mata, da magana ta sha bamban. Ta karɓi hawainiyar ta shiga da ita ciki. Daga nan Draha ta hau taram har ƙarshen layi, inda lambunan 'yan fansho suke.

Rabonta da ɗakin gilashin tun kaka, domin duk sanda ta ce za ta zo sai ya ce hanya ta yi laka. Ta tura ƙofa. Babu kore ko ɗaya. Tukwane jere a kan katako, kowace da baƙin kara a tsaye. Vlastimil yana zaune a kan bokiti da hula a gwiwa. Da ya gan ta sai ya yi tsuru-tsuru.

Ta buɗe takardar ta ajiye a gabansa. "Mene ne wannan, Yaya?"

"Na wanke shi, Draha. Na rantse sau biyu na wanke shi."

"Ban tambaye ka wanka ba."

Ya sunkuyar da kai. A hankali maganar ta fito. Sanyin Fabrairu ne. Ya manta bai kunna abin ɗumama ɗakin ba, kwana biyu, shi da bai taɓa mantawa ba cikin shekara arba'in. Komai ya daskare. Ya kasa faɗa wa kowa, don kada 'yan ƙungiya su ce tsufa ya cinye shugaba. Ita kuma tana ta tambayar ibishek, sai ya shiga kanti ranar Juma'a ya saya. Bai fasa ƙasar ba, wai kada furen ya zube ta gane.

"Ka sayo Juma'a, ka ɗaura zaren Mama ranar Asabar."

"Na zaci ba zai kai haka ba."

"To, ka zata. Wannan na ji. Da na kira ka fa? Ka san abin da ke cikin tukunyar, ka ce fitilata ce. Ka ce maƙona ne! Kwana tara ina cin kaina, kai kana bugo waya kana ƙara mini. Kalma ɗaya, Yaya. Ka ce ‘cire shukar nan’, ko dalili ba zan tambaya ba."

"Kunya na ji."

"Kunya ka ji, sai ka ɗora mini."

Ya miƙa hannu zai kama hannun rigarta, ta ja baya. Baƙin cikin da ta ji a wurin nan ko ranar da ta ajiye aiki ba ta ji irinsa ba. Ba ta yi ihu ba, ta fita ta ja masa ƙofa.

Baronka ta rayu, amma harshen nan da take harbawa daga nesa bai ƙara fita ba. Yanzu sai Draha ta kama gyare da hantsaki ta kai mata har baki, ita kuma ta karɓa tana kau da ido ɗaya. Saman kejin ya zauna fayau, fitilar shuke-shuke tana haska reshe tsirara.

A watan Yuni aka buga ƙararrawar ƙofarta. Vlastimil ne, ya rame, riƙe da 'yar tukunya. Ɗan ibishek ne mai ganye shida, ga jan zare a gindi.

"Wannan ni na dasa shi da hannuna, daga reshe. Babu abin da ya taɓa shi, Auta. Ki yarda da ni."

Mai yiwuwa ma gaskiya ya faɗa. Draha ta karɓa, ta ɗauko almakashi a kan teburin bakin ƙofa, ta datse zaren, ta sa masa a tafin hannu. Sannan ta wuce da tukunyar banɗaki, ta zazzage ƙasar a bokiti yana tsaye yana kallo, ta sakar wa saiwoyin ruwa.

"Mako shida, Yaya," ta ce ba ta waiwayo ba. "Kamar na kowa."