Malamin da Ya Kira Mu Garke

Ina aji uku a sakandare malaminmu ya rubuta kalmar ayari a allo. Ya ce matafiya ne masu manufa ɗaya, kamar fatake. Na ɗaga hannu na ce har da masu yawon wasan kwaikwayo gari-gari, irin babana. Ya ja wandonsa sama da gwiwar hannu, kamar yadda ya saba, ya yi ɗan tarinsa.

"'Yammata, wannan ba ayari ba ne. Garke ne."

Har na gama makarantar, in na shigo aji sai an yi mini kukan akuya. Ban taɓa kuka a gabansu ba. Na ci jarrabawata, na koma motar Baba, ina rubuta wasa, ina fitowa a ciki.

Baba yana da doka: ba a kwaikwayon mutum a garinsu. Ka ɗauki tafiyarsa da muryarsa, amma sai mota ta yi nisa za ka fito da su. Wanda ya karya, a nan za a sauke masa jaka, ko ɗan wane ne.

Da muka koma garin, a filin makarantar muka kafa labule da la'asar. Ga malamin nan a kujerar gaba, ya zama shugaban makarantar, ya ƙara tumbi. Kawu, mai ganga, ya gan ni ina cusa tsumma a cikin riga.

"Ke 'yar boko, cikin wa kike ɗauka?"

"Na wani ne, Kawu. Aro na yi."

"To mai shi yana zaune. Babanki ba ya wasa, kin sani."

"Na sani."

Na fito da alli a hannu. Na yi tari. Na ja wando da gwiwar hannu. Sai wata ɗaliba can baya ta tuntsire da dariya, filin ya ɗauka. Na koyar da darasin kaf, da muryarsa, har yadda yake lasar yatsa kafin ya buɗe shafi. Ya miƙe a fusace zai tafi, sai hannunsa ya kai ga wando. Malamai ma suka kife da dariya.

Baba ya jira sai da aka naɗe labule. Ya hau mota da kansa, ya sauko da jakata, ya ajiye a kan ciyawa.

"Kin yi kyau," ya ce. "Ban taɓa ganin kin yi kamar yau ba. Amma kin san doka."

"Da za a sake, Baba, sai na ƙara masa tarin."

Kawu ya juya baya yana goge ido. Na saɓa jakar, na tambayi wata ɗaliba hanyar tasha.