Kasona a Jirgin Baba

Har gobe ban yafe wa Yaya Uzairu ba, kuma na faɗa masa a gaban matarsa.

Babanmu, Malam Datti, shekara talatin ya yi yana gyaran kan jirgi a reluwe. Da ya yi ritaya sai ya mayar da zauren gidanmu na Tudun Wada tashar jirgi. A kan faffaɗan tebur ya shimfiɗa ɗan layin dogo mai zagaye, da gada, da duwatsu irin na hanyar Vom. Kan jirgin bai fi tafin hannu ba, wani Bature ne ya bar masa, taragun kuwa da gwangwanin madara ya ƙera su. Yayyena biyu ko leƙawa ba sa yi, wai wasan yara ne. Ni ce mai goge layin da kananzir, ni na san wayar da ke kwancewa.

Baba ya rasu a 2006. Bayan sadakar arba'in aka kira malami rabon gado. Malamin nan, Allah ya saka masa, ya ce abin da rabo zai lalata ana iya barinsa a haɗe in magada sun yarda. Yaya Jabir ya sunkuyar da kai kamar ba da shi ake ba. Uzairu kuwa zauren yake so, zai buɗe shagon cajin waya, sai ya kafe wai a damƙa wa kowa haƙƙinsa, kada a bar Baba da nauyi a kabari. Ji mini mutum! Shi da sau biyu kacal ya je duba Baba a asibiti.

Na roƙe shi har da kuka. Na ce su riƙe kasona na gida, su bar mini teburin.

"Suwaiba, zamanin wannan ya wuce," in ji shi. "Bayanki wa zai kula da shi?"

Ya kira kafinta da zarto. Kashi biyar aka yi wa teburin, su bibbiyu, ni ɗaya. Nawa ya faɗo a kan gadar.

Bayan kwana uku Jabir ya zo gidana da kan jirgin naɗe cikin hula, ya ajiye, ya kasa haɗa ido da ni. Ban ce masa zauna ba. Na ɗora jirgin a guntun layina, na haɗa batir. Ya tashi lafiya lau, ya haye gadar, ya kai inda zarto ya bi, ya faɗo a siminti.