Bel Ɗin da Auta Yake Huda Mini

Yanzu duk wanda ya gan ni a tasha sai ya riƙe baki. "Kai, direba! Ina ka kai tumbin?" Wasu har shafa cikina suke yi, wai su tabbatar ba ɗaure shi na yi ba. Nakan yi musu dariyar yaƙe in wuce, don idan na tsaya ba da amsa, kuka zan yi a gaban fasinjoji.

Ni ba don kwalliya na rage ƙiba ba. Ƙanena ne, autan gidanmu, ƙodojinsa suka daina aiki. Mai gyaran takalma ne, yana da ɗan shago a bakin kasuwa, kullum cikin warin gam da fata. Auta muke ce masa har ya tara 'ya'ya. Da aka fara yi masa wankin ƙoda, likita ta ce wannan jan lokaci ne kawai, abin da zai cece shi shi ne wani ya ba shi ƙoda ɗaya. Aka gwada mu 'yan gida kaf, tawa ce kaɗai ta dace.

Na bugi ƙirji na ce a yi aikin gobe. Likitar ta dube ni ta saman tabarau, ta dubi yatsuna da taba ta rina.

"Malam, da wannan huhun ba zan kai ka ɗakin tiyata ba. Ka bar sigari tukuna."

Na bari. Kada wani ya ce maka abin wasa ne, tun kafin in yi gemu nake busa ta. Na yi faɗa da fasinjoji, na yi da matata, har kyanwar maƙwabta ba ta tsira ba. Kuma bakin da ya saba da karan sigari ba ya zama haka nan. Sai na koma tauna: biskit, alewa, soyayyen nama, lemon kwalba, duk abin da aka miƙo ta tagar mota. Da na koma asibiti ina taƙama na bar taba, sikeli ya tona mini asiri. Likita ta ce yanzu kuma ƙiba ce ta tare mana hanya, ta faɗa mini nauyin da zan sauko kafin ta taɓa ni.

Auta ya yi dariya har da tari. "Yaya, ƙoda na roƙa, ban roƙi kitse ba."

Ya ce in kwance bel ɗina in ba shi. Ya auna shi da ido, ya ja alama da biro can ciki, nesa da hujin da nake ɗaurawa.

"Nan za ka kai. Duk sanda ya yi maka yawa, kawo in huda maka sabo. Kada ka kuskura ka kai wa wani, aikina ne."

Matata ta ɓoye sukari, mai ya koma na cokali. Dafaffen kabeji, karas, gasasshen kifi, shinkafa cikin tafin hannu. Tunda Auta ma an hana shi gishiri, ruwa ma sai an auna masa, sai na riƙa ɗaukar kwanona in tafi shagonsa da rana. Mu zauna a benci ɗaya muna tauna abinci lami muna kushe shi. Yakan ce, "Wannan ko akuya sai an lallashe ta."

Da safe, kafin in ɗauki mota, nakan zaga filin ƙwallon makarantar unguwarmu. Da farko ko zagaye ɗaya ba na gamawa sai in rungume turken raga ina haki. A hankali na koma sassarfa, daga nan gudu. Ranar da ake yi masa wankin ƙoda, yana kwance jikin inji, ni ina hawa da sauka a matakalar asibiti har masu shara suka san ni.

Huji ya riƙa bin huji. Zai shimfiɗa bel a kan katako, ya saita ƙusa, ya sauke guduma, ya hure wurin, ya miƙo mini. "Saura ƙiris, Yaya." Da can bugu ɗaya yake yi. Daga baya sai ya yi ta bugawa, ya huta, ya sake. Ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya daina shigarsu, mai gyaran takalma guda. Na gani, amma na ɗauka duk zai wuce da zarar an yi aiki.

Ranar da bel ya iso kan alamar biro, na tafi asibiti kamar in tashi sama. Sikeli ya nuna abin da ake nema. Na sauko ina washe baki, sai likita ta ce in zauna. Ta cire tabarau ta ajiye.

"Kai kam ka shirya. Amma zuciyar ƙanenka ta yi rauni, ba za ta ɗauki tiyata ba. Mun daɗe da ganewa. Shi ya roƙe ni in bar maganar har sai ka kai inda ka nufa."

Ban san yadda na isa shagon ba. Na same shi jingine da bango, takalman mutane jibge a gabansa.

"Don me, Auta? Don me ka bar ni ina ta zaga fili kamar mahaukaci?"

"Zauna, Yaya, kana tare mini iska."

Na zauna.

"Da na faɗa maka, a ranar za ka sayi kwalin sigari. Ko ƙarya na yi?"

Ba ƙarya ya yi ba.

"Ni tawa ta ƙare. Yarana uba za su nema, mai sauran kwana a gaba. Da wancan tumbin da wancan tarin, wa zan bar wa su?" Ya miƙo hannu. "Kawo bel ɗin."

Ya saita ƙusa a kan alamar, ya ɗaga guduma, ta suɓuce ta faɗi. Na ɗauko na mayar masa, na rufe hannunsa da nawa, muka buga tare. Hawaye ya hana ni gani, hujin ya fito a karkace. Ya duba ya girgiza kai. "Ka ɓata mini aiki."

Bai ga ƙarshen watan ba.

Ban koma wa taba ba. Har yau ina zaga filin da safe, in biya in kwashi yaransa zuwa makaranta. Ina da ƙoda biyu lafiyayyu da ba wanda zan ba, kuma wallahi akwai ranar da nake jin haushin lafiyar nan tawa.

Bayan rasuwar abinci ya ƙi shiga, bel ya sake yi mini yawa. Matata ta ce, "Don Allah ka kai wa mai gyaran takalman nan na kan kwana ya ƙara huji ɗaya. Wando yana zame maka a gaban mutane."

Na je. Na kwance bel, mutumin ya miƙo hannu yana laluben ƙusa. Sai idona ya sauka a kan karkataccen hujin nan, da ɗan sauran biro a gefensa.

"Malam, kawo mana."

"Yi haƙuri," na ce. "Mai aikin ya ce kada in kai wa wani."

Na mayar da shi ƙuguna, na ɗaura a hujin ƙarshe, na kama hanyar tasha ina riƙe da wando da hannu ɗaya.