Wayoyi Takwas da Na Zare

Sunana Tahiru, ni ne sakataren komitin sulhu na manoma da makiyaya a Gidan Rumji. Mutum ne ni da ba ya yarda da abin da bai gani da idonsa ba, kuma a da har alfahari nake yi da hakan.

Gonar da na gada wurin mahaifina tana Gidan Sori, dab da burtali, hanyar da shanu ke bi in za su arewa. Shekara da shekaru ana gardamar inda burtalin ya tsaya. Bana aka ce a kashe maganar: ranar Alhamis, kafin ruwan shuka, za a kafa turakun siminti kowa ya sa hannu. Wata ƙungiya ta ba mu tsofaffin na'urorin kwamfuta tara da hotunan da aka ɗauka daga sama tun shekaru arba'in, ta turo injiniyar da za ta sa su fitar da taswirar hanyar ta asali.

Injiniyar ita ce Fauziyya Jaye, 'yar makiyaya. Kawunta Dikko ne ya tsaya bara a bakin gonata yana nuna kunyoyina da sanda, wai nan shanun kakansa ke bi. To ka gaya mini, wa zai ga laifina don na sa mata ido?

Ranar Juma'a ta yi mana bayani. An yanka ƙasar gida tara, kowace na'ura ta ɗauki yanki guda, duk suna aiki a lokaci ɗaya. Sai dai hanya tana ƙetarawa daga wannan yanki zuwa wancan, don haka dole kowace na'ura ta riƙa gaya wa maƙwabtanta abin da ta gani a bakin iyakarta, sau dubbai a minti guda. Ina jin haka na tambayi kaina. Hira sau dubbai, ba wanda ke ji?

Na dubi shugaban komiti, Alhaji Sha'ibu, na ce, "Ranka shi daɗe, duk abin da za su hwaɗa ma juna shi bi ta na'urar da ke buronka. Mu kulle, makulli na hannuna."

Fauziyya ta ce, "Malam Tahiru, in kana son aron galma wurin maƙwabcinka, maigari kake aikawa? Ƙofa guda ce, na'ura takwas za su yi layi a bakinta."

Na ce haka muke so. Aka ja wayar kowacce zuwa buron Alhaji, wato ofishinsa.

Kwana uku ana aiki, lambar da ke kan allo ta nuna kashi goma sha biyar cikin ɗari. Nan na ce a raina, ai ga shi. Da gangan take jan ƙafa don Alhamis ta zo babu taswira, sandar kawunta ta yi hukunci.

Ran Litinin da safe na ga babur ɗin Dikko a ƙofar buro, ya kawo wa Fauziyya nono a galan. Da aka idar da azahar ban tsaya gaisawa ba, na dawo da sauri. Na same ta durƙushe a bayan teburan na'urorin, ga sababbin wayoyi shuɗaye takwas, kowacce ta haɗa na'ura da ta kusa da ita kai tsaye. Lambar allo kuwa ta haye ashirin da biyar.

"Mi kike yi haka?"

Ko razana ba ta yi ba, wannan ma ya ƙara ba ni haushi. Ta ce, "Ta tsohuwar hanya sai kwana ashirin. Da wa'annan, Laraba an gama. Sakamako duka yana shiga na'urar Alhaji, ban taɓa shi ba."

"Amma hirar da suke tsakaninsu ba ta bi ta can."

"Ko ta bi, Malam, ka iya karanta ta?"

Ban iya ba. Kwana uku ina riƙe da makullin ɗakin da ko harafi ɗaya na abin da ke wucewa cikinsa ban sani ba, kuma yarinyar nan ta faɗa mini a fuska. Da ta yi jinkiri na zarge ta, yanzu da ta yi sauri zargin ya ninka. Wa ya san abin da wayoyin nan ke raɗa wa juna a kan gonata?

Na je wurin Alhaji. Ya yi ta jan carbi yana cewa a yi haƙuri, sai da na ce zan tara manoma in gaya musu ana aiki a ɓoye. Ya sallami Fauziyya har bayan taro. Tana ɗaukar jakarta ta ce, "In ka cire su, aikin zai koma ta buro da kansa. Don Allah kada dai ka kashe na'urorin, bar su su gama." Da hannuna na zare wayoyin takwas na jefa a durowa, na ji sanyi a raina.

Alhamis ta zo, lamba tana arba'in. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, babu wanda ya yarda a ɗaga taron. Aka ce tunda babu taswira, dattawa su taka ƙasa su nuna abin da suka tuna. Dikko ya sake ɗaga sandarsa, tsofaffi biyu na ɓangarenmu suka kasa cewa e ko a'a. Aka kafa turke kunya goma sha biyu cikin gonata. Ni na rubuta takardar, har da sharaɗin cewa babu mai sake tayar da maganar har abada. Wannan sharaɗi tun watan jiya ni na dage a sa shi, don tsoron kada makiyaya su dawo baɗi.

Bayan kwana goma sha biyu na buɗe buro na tarar lamba ta cika ɗari. Na nemo tsamiyar da ke kusurwar gonata a kan taswirar. Jan layin burtali ya wuce ta gabas da ita, da tazarar taki talatin, bai ko shafi kunya ɗaya tawa ba.

Na kai wa Alhaji. Ya duba, ya jawo takardar yarjejeniya ya ɗora yatsa a kan sharaɗin da na rubuta.

Da yamma na yi ƙarfin hali na kira Fauziyya. Ta ce, "Sun gama?" Na ce sun gama. Ta ce, "Madalla. Gonarka hwa?" Sai na ce mata layi ba kyau.

Shekaranjiya garken farko ya bi ta kan kunyoyi goma sha biyun. Na tsaya a gindin tsamiya har saniyar ƙarshe ta wuce.