Tsiron Gwangwanin Sista

Ranar Laraba da hantsi Sista ta yanke jiki ta faɗi a bakin famfon unguwa, bokitinta na ashirin da uku a layi. Malam yana zaune a ƙofar gidansa. Ya ga mata sun ɗauke ta sun shige da ita gida, ya kuma ga wata ta ture bokitin da ƙafa ta ajiye nata a gurbin.

Shekara talatin da huɗu katanga ɗaya ce tsakaninsu. Ita tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, ta ƙare aikinta tana bin gida-gida tana ce wa mata su ba da tazara tsakanin haihuwa, tana faɗa wa mazansu abin da ya fi haka zafi. Shi kuwa ilimin halittu ya koyar har ya yi ritaya. Ɗakinsa cike yake da tsofaffin jaridu, kowace da busasshen ganye a cikinta, kowane ganye da katinsa: suna, dangi, inda aka tsinka, ranar da aka tsinka. Yawancinsu daga filin bayan gida ya samo su, lokacin da fili ne. Yanzu gidaje ne kafaɗa da kafaɗa, famfon da aka kafa don gida goma yana shayar da ɗari.

Mako biyu kafin ta faɗi, ta miƙo masa gwangwanin madara ta saman katanga, da wani tsiro mai ganye huɗu a ciki.

"Malamin ganye, wannan a bakin kwatamina ya fito. Ɗan gidan wa ne?"

"Ba a raɗa wa tsiro suna sai an ga furensa. Ƙa'idar aiki ce."

"To ka yi sauri. Ni ba ni da ƙa'idar jira."

A ranar ya yanke wa kansa shawara: duk ran da tsiron ya yi fure, zai kai mata sunan, ya haɗa da ɗaya maganar.

Maganar ta tsufa a bakinsa. Uwar 'ya'yansa ta haifi bakwai cikin shekara tara. Bayan na bakwai, Sista ta tsaya a wannan katangar ta ce, "Malam, jininta ya yi ƙasa. Ka bar ta ta huta ko shekara uku ce." Ya ce mata ya karanta littattafan da ko bangonsu ba ta taɓa gani ba, ta tsaya a asibitinta. Alhali kowace shekara shi ne ke jera wa ɗalibai tukwane biyu a taga, ɗaya ya shuka ƙwaya uku, ɗaya talatin, ya bar su su ga wanda zai yi kore da wanda zai yanƙwane. Ciki na takwas ya tafi da uwar da jaririn. Sista ce ta fito tana cire safar hannu. Ba ta ce ai ta faɗa masa ba, ranar ko bayanta. Ta yi wa 'yan matansa kitso, ta duba zazzaɓin mazan, har suka girma suka watse. Shirun nan nata ne ya kasa yafe mata.

Kwana uku bayan faɗuwar, autarta ta leƙo.

"Baba, Mama na kiranka. Wai ka zo da gwangwaninta."

Ɗakin yana warin man zafi. Labule na motsi ba tare da iska ba, ko kuwa idonsa ne. Sista ta ƙanƙance a kan gado, bakinta ya ɗan karkace, idanun dai nata ne.

"Sannu da jiki."

"Jiki ya yi ritaya ya bar ni a ofis. Ya yi furen?"

Ya nuna mata. Tsiron ya nannaɗe karan da ya kafa masa, da ɗan toho guda a rufe.

"Saura kaɗan."

"Kai da kake gane ciyawa ta tagar mota." Ta yi dariya da rabin baki. "To mu 'yan Adam, a wane akwati ka saka mu?"

"Kusa da birai. Sai dai su ba sa layin famfo."

"Ni fa?"

"Ke ban samu akwatinki ba tukuna."

"Ni na san naka. Dangin ƙaya."

Autar ta fita ɗebo ruwa. Suka rage su biyu. Maganar nan ta taso masa. Ya dubi tohon. Kwana biyu, ko uku. Abu ne da za a yi shi bisa tsari.

"Akwai wani abu, Malam?"

"Ki riƙa shan maganinki."

"Ni kake koya wa?" Ta lumshe ido.

Kwanakin da suka biyo baya sun narke cikin juna. Da la'asar yakan zauna gaban gwangwanin, gyangyaɗi ya ɗauke shi, sai gidajen bayan su yi sirara kamar takardar jarida, ya riƙa hango filin ta cikinsu. Ciyawa har gwiwa. Uwar 'ya'yansa na tafe a ciki, babu goyo, babu ciki, hannuwanta biyu a sake, abin da bai taɓa gani ba tun shekarar farko. Sista na biye da ita da farin takalmin aiki, suna wata hira suna dariya. Ya ɗaga murya, sai ƙarar bokitai ta tashe shi.

Ranar Litinin bayan azahar ya ji kukan autar ta bayan katanga. Bai tashi nan take ba. Ya ƙara wa gwangwanin ruwa tukuna.

Unguwar ta cika da masu ta'aziyya. Rabin waɗanda suka zo a hannunta aka haife su, suka tare titi har motoci suka juya. Wani ya ce bai taɓa ganin taro irin wannan ba. Malam ya ce ai ta yi iya ƙoƙarinta ta rage shi, ba su ji ba. Ba wanda ya yi dariya.

Furen ya buɗe da safiyar Laraba, shuɗi-shuɗi, mai fari a tsakiya, kamar bakin ƙaramin kakaki. Yaryaɗi ne, dangin dankali, irin wanda ke fitowa a kowane juji. Tun ranar da ta miƙo shi ya gane shi.

Ya ɗauko kati ya cika: suna, dangi, bakin kwatamin Sista, kwanan wata. Ya ɗora gwangwanin a kan katanga, daidai inda hannunta ya saba leƙowa. A can ɓangaren autar na shara, tsintsiya na tafiya a hankali.

Irin wannan furen ba ya wuce hantsi. Ya tsaya yana kallonsa yana naɗewa, katin a juye a tafinsa. A bayan katin ya rubuta da ƙananan baƙaƙe: "Sista, ke ce da gaskiya."