Furen da Ke Kallon Cikin Bango

Shekara ashirin da biyu ina sassaƙar dutse, kuma ƙa'idata ɗaya ce: inda ido ba ya kaiwa, hannu ba ya wahala. Ba na jin kunyar faɗa, da ita na ci da iyalina.

Da aka ɗauke mu gyaran tsohuwar ƙofar gari, wadda a da sai babban baƙo ake buɗe wa tsakiyarta, ni aka ba dutsen da ya tsage can ƙololuwa. Daga saman ƙarafan da aka kafa mana, masu zuwa ɗaukar hoto kamar tururuwa suke. Na sassaƙa sabon dutse, fuskarsa fure mai ganye takwas irin na maƙwabtansa. Bayansa kuwa na bar shi yadda Allah ya yi shi.

Ranar Laraba muka zare tsohon, ni da Kawu, dattijon da ke yi mana kwaɓi. Muna juya shi don mu ɗaura igiya, sai Kawu ya tsaya cak.

A bayan dutsen, gefen da ya shekara ɗari huɗu yana kallon cikin bango, akwai wani furen. Ya fi na waje kyau nesa ba kusa ba, don rana ba ta taɓa shi ba, ruwa bai lashe shi ba. Kowane ganye da jijiyoyinsa, sirara kamar gashi. Na sa yatsa, na ji sawun kurfin sassaƙar wanda ya yi shi, kamar jiya ya ajiye shi. Kunya ta rufe ni.

"Kawu, wa ya yi wa wannan? Wa zai gani?"

"Ga shi kai ka gani," in ji Kawu.

Injiniyan da ke kula da aikin ya ɗago kai daga ƙasa. "Ku ɗora sabon mana. Gobe da azahar za a kwance ƙarafan nan."

"Yallaɓai, bayansa bai kammala ba."

"Bayansa? Ai ba mai gani, malam."

Maganata ce ya mayar mini, ban kuma taɓa jin muninta ba sai a bakinsa. Na roƙi arziki ya bar ni zuwa goben. Ya ce in na makara, sai dai in sauko da fiffike.

Na yi ta bugu har magariba, na koma da asuba, tsohon dutsen yana gefena kamar malami. Kafin azahar furen ya fito, ganye ɗaya a karkace. Kawu ya daɗe yana dubawa.

"Na ɗan koyo ne," ya ce, "amma ba laifi."

Ban yi musu ba. Muka tura sabon dutsen cikin gurbinsa, muka toshe.

Bayan an buɗe ƙofar na kawo matata, muka kutsa cikin baƙi har ƙarƙashinta. Na nuna mata can sama.

"Ai duk iri ɗaya ne, maigida."

"Wanda na fi shan wahalarsa yana ciki, yana kallon bango."

"To wa zai gani?"

"Akwai wani yana tafe," na ce. "Ba a dai haifi kakansa ba tukuna."